Kason karatu da aiki a Indiya: asali za a duba ko talauci?

Auwal: Salam jama'a. Ni fa tsarin kason Indiya bai kwanta min ba. A makarantu da ayyukan gwamnatin tarayya an ware kashi 15 cikin ɗari wa Dalit (waɗanda aka mayar ƙasƙantattu a tsarin asali na Indiya, har ake ƙyamar taɓa su), 7.5 wa ƙabilu ƴan asali, 27 wa sauran da aka bari a baya. Sai kaga yaron da ubansa babban darakta ne ya samu gurbi don shi Dalit ne, ɗan Brahmin (masu asali mafi daraja a tsarinsu) da ubansa ke dako a tasha ya koma gida. Talauci ya kamata a duba, ba gidan da aka haife ka ba.

Anti Bilki: Ƙanina ai ba talauci kaɗai aka zo gyarawa ba, wulaƙanci ne na ɗaruruwan shekaru. Ambedkar, Dalit ɗin da ya jagoranci rubuta tsarin mulkinsu, yana yaro buhu yake zuwa da shi makaranta ya zauna a gefe, ruwa ma sai masinja ya tsiyayo masa daga sama don kar ya taɓa randar, ranar da masinja bai zo ba haka zai wuni da ƙishi. Kuma ubansa tsohon soja ne mai albashi fa.

Auwal: Anti wannan ai tsohon zance ne, tun 1950 aka haramta ƙyamar.

Yaya Nura: A takarda ne aka haramta Auwal. Shekara huɗu na yi a birnin Pune, na raka abokina neman ɗakin haya, mai gidan ya amince da kuɗi har ya ɗauko makulli, yana jin sunan gidansu ya gane Dalit ne, sai ya ce wai an riga an kama ɗakin. Yaron nan injiniya yake karanta, wlh har muka dawo bai ce uffan ba. Kuma har yau galibin masu shiga ramin masai suna yashewa Dalit ne, a wasu ƙauyukan jihar Rajasthan sai da rakiyar ƴan sanda angon Dalit ke hawa doki ranar aurensa.

Malam Sabo: Maganar Auwal ma an taɓo ta. Hukuncin kotun ƙoli na 1992 ya cire masu hali daga cikin kashi 27 ɗin, sannan a 2019 aka ƙara kashi 10 don talakawan gidaje masu babban asali irin su Brahmin, kotu ta tabbatar a 2022, alƙalai uku suka amince, biyu suka ƙi.

Anti Bilki: Malam wannan kashi 10 ɗin ne ma ke ci min rai. Iyakar kuɗin shigar gida ita ce rupi dubu 800 a shekara, wajen dubu 66 a wata, wane irin talaka ne wannan a Indiya? Kuma aka ce talakan Dalit ba ya ciki.

Auwal: Toh naji, amma shi attajirin Dalit me yasa ba a cire shi ba? Gidaje ƙalilan ke ta cin gurbin, na ƙauye ko labari bai ji.

Yaya Nura: Nan kam na yarda da kai. Shi yasa a 2024 kotu ta ba jihohi damar rarraba kason Dalit ɗin don na can ƙasa su samu. A tace cikinsa, amma kar a soke shi.

Malam Sabo: Abin da ya fi damuna, Dalit da ya musulunta ko ya shiga kiristanci an cire shi daga kashi 15, alhali Sikh da mabiya Buddha an saka su. A ƙauyensu kuwa kallon da ake masa bai canza ba.

Auwal: Wannan ban taɓa ji ba Malam. To shi ina zai kai kukansa?