Wanda aka hana wa alkama, me zai ci in sun fita da abokai?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Likita ya tabbatar wa ƙanena cutar siliyak, ya ce ya bar alkama da sha'ir gaba ɗaya, don gulutin da ke cikinsu yana lalata masa hanji. A gida mun shawo kan abin. Damuwar ita ce ƴan fadarsu: duk Asabar sai sun fita, yau resto, gobe wajen mai nama ko mai shayi, kuma a tire ɗaya suke ci. Me zai iya ci a nan Maraɗi, kuma me zai tambayi mai abinci? Ba na so ya koma mai riƙe ruwan leda yana kallon mutane.

Hajiya Mai Tuwo:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ba shi lafiya. Yawancin cimarmu babu ruwanta da alkama: hatsi, dawa, masara, shinkafa, wake, rogo, doya, dankali. Tuwon hatsi, dawa, masara ko shinkafa da miyar kuka, dambun hatsi da zogale, fura da nono, shinkafa da wake, duk nasa ne. Waɗanda zai bari kuwa a fili suke: burodi, taliya, makaroni, fanke, finkaso, alkaki, gurasa, cincin, da kuskus na leda, wanda tsakin alkama ne.

Inda ake faɗawa shi ne abincin da asalinsa babu alkama amma ake zuba masa fulawa. Ɗan wake ne na farko. Garin wake da rogo da kuka da kanwa aka sani, amma yanzu da yawa da fulawa suke kwaɓa shi, wasu ma ita ce ta fi yawa. Ƙullun masa ma akwai masu zuba masa ludayi ɗaya ko biyu don ya kama jikinsa. Kifi da kaza a resto ana barbaɗa musu ita kafin suya, ana kuma ɗaure miya da ita in ta yi ruwa. Dafa-duka kuma ya duba da kyau, wasu suna karya taliya a ciki.

Kada ya ce "akwai gulutin?", ba za a gane ba, za a ce masa babu. Ya ce: "Inna, ciwo gare ni, likita ya hana ni alkama. Kin sa fulawa a ƙullun nan, ko da cokali ɗaya ne?" In bai ambaci ciwo ba, sai ta ɗauka kushe mata kaya yake yi, ta rantse babu. Kuma wadda ta yi girkin ake tambaya, yaron da ke kai kwano bai san abin da aka zuba a tukunya ba.

Malamin Lafiya:
Hajiya ta gama da abin da ke cikin tukunya, ni zan ƙara da abin da ke taɓa abincin. Ƙa'idar duniya ita ce kada gulutin ya wuce miligiram 20 a kilo ɗaya kafin a ce abinci ba shi da shi, ke nan ɓurɓushin burodi ya isa ya ɓata kwano. Wuta ba ta kashe shi, ba ƙwayar cuta ba ce. Saboda haka ƙosan da aka soya a man da aka tsame fanke bai halatta gare shi ba, haka soyayyen dankali in kaskonsu ɗaya da kifi mai fulawa. Cire burodi daga kan nama a ci naman shi ma bai wadatar ba.

Wajen mai nama, balangu da gishiri ya fi tsire sauƙin tabbatarwa, don yajin tsire da na kilishi haɗi ne na ƙuli-ƙuli da dunƙulen magi, kuma wasu dunƙulen suna da garin alkama, sai an karanta takardarsu. Ya lura da wuƙa da katako: in da su ake tsaga burodi, a wanke kafin a yanka nasa, a naɗe masa a takarda daban.

Kayan gwangwani da na leda, in rubutun Faransanci ne ya duba ko akwai blé (alkama), orge (sha'ir), seigle (wani dangin alkama) ko malt, in akwai ya bar su. In ta Ɗan Isa suka shigo daga Najeriya, sunayensu da Turanci zai duba: wheat, barley, rye, malt. Lemun malt, Milo da Ovaltine duk da sha'ir a ciki. Zoɓo, lemun tsamiya da shayin fada ba su da matsala.

Don Allah kada ya auna da cikinsa. Mai wannan cuta yana iya cin alkama bai ji komai ba ranar, alhali hanjin na ci gaba da lalacewa, sai ƙarancin jini da rama su biyo baya.

Ɗan Mokoyo:
Na gode ƙwarai. To tire fa? Abokan da burodi suke dangwalar romo.

Mai Shayin Tasha:
Yallaɓai, wannan mai sauƙi ne. Da an ajiye tire, kafin kowa ya sa hannu, a ɗibar masa nasa a kwano daban da cokali mai tsabta, ya zauna cikinsu ya ci. Ya faɗa wa mutum ɗaya a fadar dalilin sosai, shi zai riƙa tare masa masu cewa "ɗan kaɗan ba ya komai". Ya kuma riƙa rigan su zaɓen wuri: mai tuwo ko mai abinci ɗaya ko biyu da ya riga ya yi magana da su, ya je kafin cunkoson azahar ko bayansa, lokacin da za su saurare shi.

A teburinmu kuma ya sani, kaskon ƙwai shi muke gasa burodi a kai, kuma nan ake juye taliyar leda. Ya nemi dafaffen ƙwai da ɓawonsa, ko a wanke kasko da sabulu a zuba sabon mai. Cokalin sukari ma yakan shiga gwangwanin Milo, gara ya karɓi sukarin ƙwaya. In dare zai yi musu a waje, ya sa gyaɗa ko dabino a aljihu, don yunwa ce ke sa mutum ya ci abin da bai tabbatar ba.