Musayar waƙa: Wadar zuci

Ɗan Wusasa:
Salama gare ku. Na buɗe fage, mai baiti ya fito.

Tuwon dawa da kuka na ci jiya,
Na yi barcina ba tunanin duniya.
Bulus daga kurkuku ya rubuto mana,
Wadar zuci koyonta ake a duniya.

Mama Zumunta:
Ɗana, tuwon nan wa ta tuƙa?
Wadar zucinka matarka ke daka.
Kai ka yi minshari, ita hayaƙi ta shaƙa,
Bar wa'azi, tashi ka ɗauko jarka.

Saratu Kagoro:
Ayyururui! Matan zumunta ba a ja da ku. A kawo tulu a buga wa Mama.

Ɗan Wusasa:
Marta ta sha ɗawainiya a Betanya,
Maryamu na zaune gaban Almasihu ba hayaniya.
Wa aka yaba? Mama duba Luka goma,
Kafin ki aike ni rijiya.

Malamin Lahadi:
Ku dakata. Ɗan Wusasa, a baitin farko ka rufe da "duniya" har sau biyu, wannan talaucin amsa-amo ne, ba wadar zuci ba. Ɗangonka na Maryamu kuwa ya fi wa'azin ranar godiyar girbi tsawo. Kuma Luka "wani ƙauye" kawai ya ce, a Yohanna 11 ne ake jin Betanya.

Ɗan Wusasa:
Malam, maimaicin da gangan ne. Ka ƙirga sau nawa Zabura ta 136 ta maimaita ɗango guda, ka dawo. Me ya hana ka ganin Mama ta haɗa "tuƙa" da "daka"? Ƙa da ka ɗaya ne?

Malamin Lahadi:
A kunne suna tafiya tare.

Ɗan Wusasa:
A kunnen mai cin tuwon zumunta dai.

Saratu Kagoro:
Zazzagawa kenan, an kayar da ku kun koma nahawu.

Malamin Lahadi:
Ni ba na ɓangaren kowa.
Baiti awo ne kamar mudun hatsi,
In ya zube ƙasa, kaji suka ci.

Mama Zumunta:
Malam, "hatsi" da "ci"? Likita, warkar da kanka.

Baba Michika:
Ku yi haƙuri 'ya'yana, sai yau jikana ya karanta mini, kwana uku ba caji. Ban iya awo ba, ga nawa.

A 2014 muka bar Michika da ƙafa,
Ba rumbu, ba akuya, ba ko tufa.
Zabura ta ashirin da uku na riƙe a ka,
Ita ce guzurina, ita ce bargon da na rufa.

Yau ɗaki ɗaya gare ni a Yola,
Ban ce ba ciwo ba, ban ce ba wahala.
Amma in na kwanta zuciya kan kwanta,
Makiyayin da ya kawo ni shi ke kula.

Mama Zumunta:
Sannu Baba, Ubangiji ya ƙara ƙarfi. Malam, in ka isa ka sa mudunka a wannan.

Malamin Lahadi:
Ɗango na uku ya ɗan... a'a, na yi shiru. Sannu Baba.

Ɗan Wusasa:
Baba, na sauke hula. Mama, jarka biyu na ɗebo da asuba, ki tambayi 'yarki.