Neman shawara: Ta ina ake fara aikin kocin masu kai hari a ƙwallon jami'o'in Amurka?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekarar ƙarshe a wata ƙaramar jami'a a Amurka, rukunin Division II, kuma shekara huɗu ke nan ina buga ƙwallon Amurka a matsayin mai cafe ƙwallo. Na san NFL, babbar gasar ƙwararru, ba rabona ba ce. Koyarwa raina ke so, har wata rana in zama kodinetan masu kai hari, mai kiran salon wasa ranar Asabar. Da bizar karatu nake zaune, zan gama a watan Mayu. Ta ina zan fara, kuma me ya kamata in koya kafin lokacin?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tsanin a bayyane yake, hawansa ne ke cin shekaru. Ƙofar da aka fi shiga ita ce gurbin da suke kira GA, wato mataimakin koci mai karatun digiri na biyu. Jami'a ta biya maka kuɗin makaranta, ta ba ka ɗan alawus, kai kuma ka yi musu aiki, galibi shekara biyu. Daga nan sai mai nazarin wasa, sai kocin rukuni guda: masu cafewa, masu ruga da ƙwallo, ƙartin layin gaba ko kwatabak, wato mai jefa ƙwallo. Sannan kodinetan wasan jifa ko na gudu, sannan kodineta cikakke.

Dubi Lincoln Riley. Ya fara a matsayin ɗalibi mai taimako a Texas Tech a 2003 ƙarƙashin Mike Leach, ya zama GA a 2006, kocin masu cafewa a 2007, kodineta a East Carolina a 2010, kodineta a Oklahoma a 2015, babban koci a can a 2017. Wannan ana ganinsa cikin masu saurin hawa, amma duk da haka sai da ya shekara bakwai kafin ya samu kujerar kodineta. Mutumin da ya kai shi East Carolina, Ruffin McNeill, tare suka yi aiki a Texas Tech. Haka harkar take: wanda ya ga aikinka da idonsa shi ke ɗaukarka. Don haka kocinka na yanzu shi ne mutum na farko da za ka zauna da shi, cikin makon nan.

Yaya Babba:
Bari in gaya maka abin da GA ke yi a zahiri, don kada ka zaci allo da alli za a miƙa maka. Bidiyo ne aikinka. Daren Asabar zuwa Lahadi za ka ɗauki wasa uku ko huɗu na ƙarshe na abokan karawa, kowane da kusan salo 70, ka shigar da bayanin kowanne a manhaja irin Hudl ko DVSport: yunƙuri na nawa ne cikin huɗun da ake ba masu kai hari su ci yadi 10, yadi nawa ya rage, a ina ƙwallo take a fili, tsaron ya jera mutum nawa a gaba, yaya suka rufe baya, sun aiko ƙarin mutum kan kwatabak ko ba su aiko ba. Haddace lambobin jeri tun yanzu. Idan an ce 11, mai gudu ɗaya ne, ɗan gefen layi mai tarewa da cafewa ɗaya, masu cafewa uku. Idan an ce 12, 'yan gefen sun zama biyu, masu cafewa biyu.

Daga wannan bayanin kodineta ke gina takardar kiransa: salon buɗe wasa 10 zuwa 15, na yunƙuri na uku idan yadin gajere ne ko matsakaici ko dogo, na cikin yadi 20 na ƙarshe, na minti biyun ƙarshe. Ka rubuta tsaro ba daidai ba, lissafin gaba ɗaya ya gurɓace, shi kuma ya kira salo a kan ƙarya. Haka katunan da za ka zana wa 'yan wasan da ke kwaikwayon abokan karawa a atisaye. Dokar NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta taƙaita 'yan wasa ga awa 20 a mako a lokacin kaka, saboda haka kati ɗaya da aka zana a karkace ya cinye gwajin da ba za a maimaita ba. Ka iya Excel da Visio sosai, da su ake lissafi da zanen littafin salo.

Kawu Na-Ohio:
Ni ina da ja a kan masu cewa sai a babbar jami'a ake farawa. A babbar makaranta kana iya shekara uku kana yanka bidiyo ba ka taɓa tsayawa gaban 'yan wasa ba. Gaskiya ne a 2024 NCAA ta cire iyakar ma'aikatan da za su iya koyarwa a fili, amma a rukunin FBS na manyan jami'o'i mutum 11 ne kawai ke da izinin fita neman 'yan wasa a wajen makaranta, kuma wanda bai iya kawo 'yan wasa ba da wuya a ba shi rukuni. A ƙananan makarantun Division III ko NAIA kuwa, kuɗin kaɗan ne ƙwarai, amma a shekarar farko za ka samu ɗakinka, 'yan wasanka da yankin da za ka riƙa zagaya makarantun sakandare. Chip Kelly ya daɗe a jami'ar New Hampshire, wadda ba ta cikin manya, ya koyar da masu gudu, ya koyar da layin gaba, ya yi kodineta daga 1999 zuwa 2006, kafin Oregon ta ɗauke shi a 2007.

Kuma ɗana, tunda mai cafewa ne kai, rauninka layin gaba ne. Nan tsofaffin masu cafewa ke faɗuwa a ganawar neman aiki. Za a ba ka alƙalami a ce: ƙartinka biyar ne, tsaro ya aiko shida, wa zai tare na shidan? Idan sun aiko bakwai, wa kwatabak zai jefa wa nan take? Salon jifa komai kyansa a takarda, in kwatabak na ƙasa kafin ya saki ƙwallo, banza ne. Roƙi kocin layin gaba na makarantarku ya bar ka ka riƙa zama a taronsa har Mayu.

Maman Khalifa:
Maganar biza kada ka yi wasa da ita. Mai bizar karatu ta F-1 awa 20 a mako aka yarda ya yi aiki a cikin makaranta lokacin karatu, aikin GA na ƙwallo kuwa kowa ya san ya zarce haka nesa ba kusa ba. Kafin ka sa hannu a komai, je ofishin ɗalibai 'yan ƙasashen waje su duba takardar. Bayan digiri akwai izinin aiki na OPT na wata 12, amma sai aikin ya dace da fannin da ka karanta, don haka digiri na biyu a harkar gudanar da wasanni ya fi maka amfani. Jami'o'i ba sa cikin cacar bizar aiki ta H-1B, sai dai ba kowane sashen wasanni ke yarda ya ɗauki ɗawainiyar nema wa ƙaramin koci ba. Aikin sa-kai ma ka tambaya tukuna, rashin albashi ba ya nufin ba aiki ba ne a idon hukuma.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Yaushe guraben ke buɗewa? Kada in jira Mayu in tarar an rufe.

Baban Ummi:
In ka jira Mayu ka makara. Ana sallamar koci daga ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, sababbi su haɗa ma'aikatansu cikin Disamba da Janairu, ƙananan gurabe su biyo baya zuwa Maris. Taron shekara na ƙungiyar koci ta AFCA a Janairu ake yi, ka je da takardar bayaninka shafi ɗaya. Riƙa duba shafin FootballScoop mai kawo labarin guraben koci kullum. A watan Yuni manyan jami'o'i na shirya sansanin horar da 'yan sakandare, suna neman ƙananan koci masu taya su, nan ake ganin yadda mutum ke koyarwa. Ka kuma sani idan aka kori babban koci, yawanci da mataimakansa ake tafiya, ko da rukuninka ya yi kyau, don haka kada ka ɗauki hayar gida mai dogon wa'adi. Juma'a kuma ranar tafiya ce in wasan waje ne, ka yi maganar sallah da babban koci tun ranar ganawa.