Ta yaya zan tabbatar tsohon mai gidan ne da gaske?

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ina haɗa wata manhaja a Kano da za ta sauƙaƙa wa masu gida tantance ɗan haya kafin su miƙa masa mukulli. Mai neman ɗaki zai cike fom a waya: suna, sana'a, lambar NIN, da lambar mai gidan da ya baro. Komai na tafiya daidai, a wannan na ƙarshen na cije.

Mutum sai ya sa lambar abokinsa ko ƙaninsa. Ka kira, a ce maka ai mutumin kirki ne, bai taɓa jinkirta kuɗi ba. Wani dattijo a Hotoro ya amince da irin wannan shaida da na kai masa, bayan wata biyu ya gano korar mutumin aka yi kan bashin hayar shekara guda. Har yau nauyinsa nake ji.

Na nemi rasit, sai ake kawo min irin wanda kowa zai sayi littafinsa a kasuwa ya rubuta. Na gwada takardar kuɗin wuta, sunan da ke kan mita sau da yawa na wanda ya sayar da gidan ne tuntuni. Masu unguwa sun san mutanensu, amma ba za su yi ta amsa wayata kullum ba. Dillali kuwa la'adarsa yake hange. NIN ta nuna wane ne mutum, ba ta faɗin ko yana biyan haya.

Wace hanya mai araha zan bi in tabbatar wanda ya ɗaga wayar shi ne ainihin mai gidan?