Likita ya ba da shawarar tiyatar fankiriyas: in amince ko in dakata?

Telan Aboabo:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni tela ne a nan Kumasi, shekaruna 43, kuma na daɗe ina fama da ciwo a saman ciki wanda yake ratsawa har gadon baya, musamman bayan na ci abinci mai maiƙo. Idan ya taso ba na iya kwanciya rigingine, sai dai in zauna in sunkuya, in kifa goshina a kan keken ɗinki har ya lafa. Da farko an ɗauka gyambon ciki ne, amma hotunan cikin jiki da ake kira CT da MRCP sun nuna cewa fankiriyas ɗina, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, ya daɗe da kumburi, tsakuwa ta taru a babban bututunsa, bututun kuma ya buɗe har milimita 9. Ban taɓa shan barasa ba, sai dai na sha taba shekaru masu yawa. Yanzu ba na wuni ba tare da tramadol ba, kuma na rame ƙwarai.

Likitan da ke duba ni ya ce a yi mini aikin da ake kira Frey. Mahaifiyata ta ce ba ta yarda a buɗe mini ciki ba tunda ba ciwon daji ba ne, ni kuma ina tsoron barin yara ƙanana. Don Allah wanda ya san lamarin ya ba ni shawara: in amince yanzu, ko in ci gaba da magani in ga abin da hali zai yi?

Ma'aikaciyar jinya daga Nima:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Hukunci yana hannunka da likitan da ya ga hotunanka, amma zan bayyana abin da na sani. A aikin Frey ana ƙwaƙule tsakiyar kan fankiriyas, a tsaga bututun a tsaye, a kwashe tsakuwar, sannan a ɗinke shi da wani ɓangare na ƙaramin hanji domin ruwan narkar da abinci ya riƙa gangarawa ba tare da ya taru ba. Bai kai aikin Whipple girma ba, wanda a cikinsa ake cire kan fankiriyas baki ɗaya tare da farkon ƙaramin hanji da madaciya, kuma galibi ana zuwa gare shi ne idan ana zargin ciwon daji. Duk da haka babban aiki ne. Ɗinkin yana iya yoyo, ana iya zubar da jini ko ciwon ya ruɓa, saboda haka tsoron Mama ba na banza ba ne.

Sai dai jira ma yana da nasa haɗarin, kuma shi ne abin da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan ciwo ya ɗauki shekaru, ga kuma magunguna irin su tramadol kullum, jijiyoyi sukan saba da aika saƙon zafi, ta yadda ko an buɗe bututun daga baya ciwon ba ya tafiya yadda ake so. A 2007 an buga wani bincike daga ƙasar Holan a kan majinyata 39 masu toshewar bututu: bayan shekara 2, kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata sun sami sauƙin ciwo, a cikin waɗanda aka bi ta baki da na'urar hangen ciki kuwa kashi 32 ne kawai. Wani binciken na 2020 daga can, mai majinyata 88, ya nuna cewa waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi ƙarancin ciwo cikin wata 18. Waɗannan alƙaluma na asibitocin da suka ƙware a aikin ne, don haka ka tambayi likitanka kai tsaye sau nawa ya yi irinsa da hannunsa, da kuma ko akwai ɗakin kulawa ta musamman da jini a tanade. Neman ra'ayin likita na biyu a asibitin Komfo Anokye na Kumasi ko na Korle Bu da ke Akra ba raini ba ne ga na farko. Taba kuwa, idan akwai saura, ka yar da ita yau, domin tana hanzarta taruwar tsakuwa.

Uwargida daga Asawase:

Ƙanena, sannu da jiki. An yi wa maigidana irin wannan aikin, kuma ina so ka shiga da sanin abin da zai gyara da abin da ba zai gyara ba. Ciwon nasa ya ragu sosai, har ya koma kasuwa, amma naman fankiriyas da ya riga ya lalace bai dawo ba. Bahayansa ya ci gaba da fitowa da maiƙo, yana yawo a saman ruwa, har sai da aka ɗora shi a kan Creon, ƙwayar sinadarin narkar da abinci da ake haɗiya tare da lomar farko ta kowane abinci. Daga baya ciwon sukari ya bayyana, kuma likita ya ce cutar ce da kanta take kawo shi, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Irin wannan sukarin yana da wuyar sha'ani, don yana iya faɗuwa ƙasa farat ɗaya, shi ya sa ba ya fita sai da dabino a aljihun rigarsa, kuma ciyarwa yake yi a watan azumi. Makonnin farko bayan sallama ba ya iya ɗaga ko bokitin ruwa, don haka ka tanadi wanda zai riƙe maka shago.

Alhaji daga Sabon Zango:

Yaro, ni ban ga laifin mahaifiyarka ba, kuma ba na son a ɗauki maganarta da wasa. Ka kai ta wurin likitan ta ji da kunnenta, ta yi tambayoyinta, domin ita ce za ta kwana a bakin gadonka. Abu na biyu shi ne kuɗi. Ka sa a rubuta maka abin da katin inshorar lafiya na NHIS zai ɗauka da abin da zai fito daga aljihunka, har da kuɗin ƙwayar da za ka riƙa sha bayan aikin, wadda ba ta kwana ɗaya ba ce. Na ga gidan da aka tara kuɗin tiyata a masallaci, aka manta da na jinya. Ka yi istihara, amma bayan ka tattara bayanin likitoci, ba kafin nan ba. Wani abu kuma da na ji, ko da gaske ne daga alade ake yin wannan Creon ɗin?

Ma'aikaciyar jinya daga Nima:

Gaskiya ne Baba Alhaji, daga fankiriyas ɗin alade ake tace sinadarin, kuma haka yake a rubuce a takardar da ke cikin kwalin. Malamai da yawa sun halatta shi saboda larura idan babu madadin da zai yi aikinsa, suna kafa hujja da aya ta 173 a Suratul Baƙara, amma ya dace kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wannan batu bai shafi zaɓin tiyata ba, domin mai wannan rama da ɗan'uwanmu ya ambata yana iya buƙatar ƙwayar ko bai yarda an taɓa shi ba.

Telan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Alhaji, Mama ta yarda za ta raka ni ganin likita ranar da aka ba ni, kuma zan ɗauki faifan hotunan zuwa Akra a sake dubawa kafin in sa hannu. Yaya ta Asawase, ina da sauran tambaya guda: da aka sallami maigidanki, a hankali aka riƙa rage masa tramadol ɗin ko lokaci ɗaya aka tsayar, kuma wane likita ne ya kula da wannan ɓangaren, na tiyatar ko wani daban?