Sulhu ko tahkimi: wanne zan bi da kamfanin da ya sayar min da inji?

Mai Kwali:
Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar kwali. Na sayi injin yanka daga wani kamfanin ƙasar waje, na biya kashi biyu cikin uku, ragowar sai inji ya fara aiki. To ya fara, amma ba ya fitar da yawan da aka rubuta. Na riƙe kuɗin, su kuma sun ce wutata ce ba ta da ƙarfi. Lauyansu na so mu zauna da mai shiga tsakani, abokina kuwa ya ce in tafi tahkimi, mu zaɓi wanda zai yanke mana hukunci a wajen kotu. Damuwata, kayan gyaran injin a wurinsu kaɗai ake samu.

Barista:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da takardar yarjejeniyarku, can wajen ƙarshe. Sau da yawa an riga an rubuta hanyar da za a bi, har da garin da za a zauna, kamar Landan, ko cibiyar da za ta kula da shari'ar, kamar kotun tahkimi ta ICC, ƙungiyar 'yan kasuwa ta duniya da ke Paris. In an rubuta a fara da sulhu kuma ka tsallake, da wannan za su fara ƙalubalantarka.

Mai shiga tsakani ba ya hukunci. In ba ka yarda ba, ka tashi abinka. Hukuncin tahkimi kuwa dole ne, kuma kotu ba ta soke shi don kawai kana ganin an yi kuskure, sai da dalili irin na hana ka kare kanka. Ƙarfinsa yarjejeniyar New York ta 1958 ce, kan aiwatar da hukuncin tahkimi a wasu ƙasashe, wadda ƙasashe sama da 160 suka shiga, don haka ana iya bin dukiyar kamfanin har ƙasarsa.

Hajiya Mai Saƙa:
Ni dai sulhu nake ba ka shawara. Mai tahkimi yawanci diyya zai yanke, alhali kai inji mai aiki kake nema. A teburin sulhu za ka iya cewa su turo injiniya, su tsawaita garanti, su rage ragowar kuɗin. Ga tsada kuma: masu tahkimi, ko ɗaya ne ko uku, ku ne za ku biya su, ban da lauyoyi.

Injiniya:
Hajiya, a yi hattara, wasu da sunan sulhu suke jan lokaci har wa'adin shigar da ƙara ya wuce. Alhaji, ko wanne ka zaɓa, ka samo injiniyan da ba naka ba, ba nasu ba, ya auna wutar nan ya rubuta rahoto. Rigimar duk a kanta take.

Barista:
Haka ne. A sa wa sulhun wa'adi a rubuce, in ya wuce a tafi tahkimi. Akwai kuma yarjejeniyar Singafo ta 2019 kan tilasta abin da aka sasanta a kai, sai dai ƙasashen da ke aiki da ita ba su da yawa. Alhaji, turo mana abin da wannan sakin layi na takardarku ya ce, ka ɓoye sunaye.