Tuba ce ko ramuwar gayya? Gardama kan wani tsohon fim ɗin kaboyi

Malam Habu: Ni dai ina kan bakata. Masu tara kayan tsofaffin finafinan kaboyi ƙarancin abu suke saye, labarin bai dame su ba. Seven Men from Now na 1956 da kuke ta zuzutawa, da kamfanin ɗan wasan fim John Wayne, Batjac, bai kulle shi shekara da shekaru ba, wa zai waiwaye shi? An kashe wa mutum mata, ya bi 'yan fashi bakwai. Ramuwar gayya ce, shi ke nan.

Baba Ɗanjuma: Malam Habu, sake kallonsa a natse. Jarumin fim ɗin, wanda Randolph Scott ya fito a matsayinsa, ya faɗi zaɓen shugaban 'yan sandan gari, girman kai ya hana shi karɓar muƙamin mataimaki. Dole matar ta kama aiki a ofishin Wells Fargo, kamfanin jigilar kuɗi da kaya, can aka harbe ta. Bakwai yake bi, amma kansa ya fi tuhuma.

Hajiya Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma, amma wanda ya wanke laifinsa da jinin mutane ya tuba ke nan? Ina nadamar, ina barin laifin? In tuba kuke nema, ku duba wani fim ɗin Scott, Ride Lonesome na 1959. Ɗan fashin nan Sam Boone afuwa kawai yake so, ya koma ya zauna lafiya. A ƙarshe Scott ya bar masa fursunan da zai kai a yafe masa, shi kuma Scott ya cinna wa bishiyar da aka rataye matarsa wuta.

Sadiƙu: Maganar tarawa kuwa, ni na ji jiki. Fostar asali ta wancan zamanin inci 27 da 41 ce, a ninke ake tura ta gidajen sinima. Na saya a intanet, ta iso a naɗe, takarda sai sheƙi, ko alamar ninki babu. Jabu!

Malam Habu: To kun ji. Takarda ya bi.

Baba Ɗanjuma: Ai jami'ar UCLA ta Amurka ta gyara Seven Men from Now a 2000, faifan DVD ya fito a 2005. Ƙarancin ya ƙare, me ya sa ake ta kallonsa har yau?

Malam Habu: Saboda Lee Marvin, wanda ya fito a mugu, da koren ƙyallen wuyansa, Baba. Mugun ne ya cinye fim ɗin.